Ranar da Aka Hana 'Yata Shiga Ruwa

Ko zan manta komai na zamana a Landan, ba zan manta Asabar ɗin da na raka 'yata gasar ninkaya a Dagenham ba.

Lokacin ina aikin rediyo. An yi ta ce-ce-ku-ce a gasar ninkaya ta duniya kan wata riga mai kama da roba, mai rufe jiki har idon sawu, wadda aka ce tana ƙara wa mai ita gudu a ruwa. Da aka haramta ta, ni na karanta labarin da bakina, har ina yi wa abokin aikina tsiya cewa yau Turawa sun kama riga da laifin maguɗi. Ashe maganar za ta biyo ni har gida.

'Yata tana da shekara goma sha huɗu, kuma ba ta da magana sai ta ruwa. Tun da ta fara girma take shiga da riga mai dogon hannu da wando har ƙasa, na yadi kawai, waɗanda nauyi ma suke ƙara mata idan sun jiƙe. A ranar ce za a zaɓi masu wakiltar yankinmu.

Ta je bakin ruwa ke nan sai wata alƙaliya, dattijuwa mai furfura, ta yafito ta. Ta ce sabuwar doka ta hana kaya su wuce kafaɗa da gwiwa. Na sauko daga wurin 'yan kallo na yi bayani, na roƙa. Matar ta taɓa yadin, ta ce ta san babu maguɗi a ciki, amma ba ita ta kafa dokar ba. Mai horar da 'yata ta rugo da aron ƙaramar riga.

Wallahi raina ya so ta karɓa, don na san sammakon da ta sha cikin sanyi. Na daure na ce, "Mamana, ba zan tilasta miki ko ɗaya ba."

Ta daɗe tana kallon rigar. Sannan ta ce, "Baba, mayar mata. Amma kada mu tafi, zan tsaya in ga sun gama."

Ta tsaya da busassun kayanta a gaban layinta da babu kowa a ciki, ta tafa wa yarinyar da ta zo ta ɗaya. Ni ne na kasa kallo.

Daga baya an sassauta dokar, amma 'yata ba ta sake shiga gasa ba. Tun ranar na gane cewa mai kafa doka ba ya ganin kowa sai wanda yake son kamawa. Wanda ba ruwansa, idan dokar ta faɗa kansa, haƙuri kawai ake ba shi.