Jabanar Iya Fatna

Duk wanda ya yi aiki a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, zamanin mulkin soja ya san Rahmatu mai shayi. Ni gyaran radiyeta nake yi, kullum a gindin bishiyarta nake karyawa. Mace ce mai baki, abin taƙamarta kuma jabana, tulun gahawa na yumɓu da uwarta Iya Fatna ta taho da shi daga gonakin audugar Jazira.

Cikin masu zama wurinta akwai Ustaz Salahuddin, malamin zane da aka sallama daga aiki, ya koma rubuta allunan shaguna. Da ya samu sarari sai ya zana kofi gutsi-gutsi, baki nan, gindi can. Rahmatu takan ce, "Ya Ustaz, kai ko a zane sai ka fasa mini kofi?"

Ranar da 'yan kasha, masu kamen 'yan talla, suka watsa mata kaya, jabana ta tarwatse. Iya Fatna ta daina yi mata magana. Abin ya ci Rahmatu ƙwarai, har muka daina tsokanarta.

Ta roƙi Ustaz ya zana mata jabanar. Ya ce, "Ni daga kujerar mai saye kaɗai na san ta. Ke kika wanke cikinta, kika ga gindinta. Wannan zanen kuwa gaba da baya da ciki ake haɗawa wuri ɗaya. Ungo buroshi."

Ta karɓa kuwa. Da man haɗa fenti ya ƙare, sai ta ce mai ai mai ne, ta zuba na riɗi. Zane ya ƙi bushewa, ƙudajen Mantiƙa suka yi biki a kai. Muka sha dariya, ita ma ta yi, ta kankare katakon da take zanen a kai ta sake. A hankali ta iya shimfiɗa launi mai duhu tukuna, ta jira ya bushe, sannan ta jera wuya da hannu da ciki, kowanne da kusurwarsa.

Da ta gama ta kai zanen gidansu a unguwar Kalakla. Ita ta faɗa mini yadda aka yi. Tsohuwa ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora yatsa a kan wani ɗan giɓi da Rahmatu ta zana a gindin tulun, wanda babu mai sayen da ya taɓa ganinsa.

"Nan marigayi babanki ya buga ta a dutsen murhu," in ji ta. "Shi ma sai da na yi fushi da shi. Tashi ki ɗora mana gahawa, 'yar nan."