Saƙo Tara a Kan Kwalbati Ɗaya

Wautar da na tafka a zauren imel na ƙungiyar ci gaban yankinmu, ko na so in manta, mutanen Daura ba za su bar ni ba. Ni da boko a aji uku muka rabu, babu wanda ya yi kewar wani. Amma da aka ce mai koke ya aika ta imel kowa ya gani, sai na ce har da ni.

Aiki ɗaya ƙungiya za ta yi a shekarar: ko kwalbatin ƙauyenmu na hanyar Dutsi da ruwa ya cinye, ko rijiyar burtsatse a wajen Mai'adua. Sakatare kuwa ɗan Mai'adua ne. Tun nan na sa masa ido.

Na ɗauki hotuna goma sha biyu da bidiyon wani jaki da ya maƙale a ramin, na haɗa duka na tura. Shiru. Na sake turawa. Shiru. Maƙwabcina mai sayar da kayan babur, mutumin kudu, ya leƙa wayata ya ce, "Alhaji, kayan nan ya yi nauyi. Babban saƙo sai sakatare ya buɗe masa ƙofa. Ka jira."

Na ce, "To ai ga maganar nan! Ƙofar a hannun wa take?"

Kwana uku ina turawa da hotunan da bidiyon duka, kullum bakina na ƙara kaifi. A saƙo na biyar na rubuta, "Mun san masu danne mu." A na tara na kira sakatare munafuki, har na taɓo danginsa.

Ashe bawan Allah yana Katsina yana jinyar mahaifiyarsa. Ranar da ya dawo, ya saki tara ɗin gaba ɗaya. Wayoyin dattawa suka cushe, ta shugaba ma ta sandare. Kowa ya kalli jakin nan sau tara, ya karanta zagina daki-daki.

A taro babu wanda ya ɗaga zancen kwalbati. Burtsatse aka zaɓa. Damina biyu mutanenmu suna zagaye da buhuna a ka saboda bakina. Tun daga nan na koyi hoto ɗaya, saƙo ɗaya, sannan in kama bakina in jira.

Da muka fito na tare sakatare, ina borin kunya, na ce, "Kai ma da ka saki ɗaya ai ya isa."

Ya ce, "Baba, da na riƙe takwas, da wane suna za ka kira ni a na goma?"