Goran da Aka Hana Ƙwanƙwasawa

A shekarun da arzikin mai ya fara leƙo garuruwanmu, aka ce za a yi baje kolin kayan hannu a Haɗeja. Ni a lokacin malamin firamare ne, kuma da yake na taɓa zana jaki a allo har wasu suka gane jaki ne, sai aka sa ni a kwamitin zaɓen kaya.

Shugabanmu wani jami'i ne da aka turo daga Kano, wanda ya yi karatun zane a ƙasar waje. Ya ce ba za a zube kaya kamar ranar kasuwa ba, mu ne za mu zaɓa. Muka zaɓa kuwa. Tabarmin da muka mayar, da za a shimfiɗa su, da mutum ya taka har Kaugama ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Babbar rumfar tsakiya kuma, ya ce sai aikin da aka sa aka yi musamman domin bikin.

Na ce ina da kawu.

Kawuna gyartai ne, shi ke gyara wa masunta goransu, irin ƙaton goran nan da mutum ke kifa ciki a kai ya bi kogi yana jefa kifi a ciki. Ya kuma iya zane da wuƙa mai zafi. Jami'in ya ce a yi masa gora mafi girma, a zane shi tsaf. Kawu ya yi wata biyu a kai. Ya zana tarwaɗa, ya zana shinkafar fadama, ya zana wani mai tumbi a kan keke da har yau nake musun cewa ni ne.

Ranar biki aka ɗora goran a kan tebur, aka kewaye shi da igiya, aka kafa allo: KADA A TAƁA. Ni na rubuta, da kyakkyawan rubutuna.

To, a wajenmu ba a sanin gora da ido. Ƙwanƙwasa shi ake yi, a kara kunne. Lafiyayye yana amsawa da murya, mai tsaga kuma sai ya yi gum. Masunta suka zo, kowa ya lanƙwasa yatsa tun daga nesa, sai ɗan doka ya ce a ja baya. Kafin azahar magana ta gama gari: goran gyartai fasasshe ne, shi ya sa aka sa masa mai gadi. Ga shi kawu mutum ne da duk abincinsa ya rataya a kan a ce aikinsa ba ya yoyo.

Kawu ya same ni a bayan rumfa.

"Kai ka rubuta wancan abu?"

"Kawu, tsarin ke nan. Girmamawa ce."

"Girmamawa. Na gode. Uwarka ma haka ta girmama ni ranar da ta haife ka."

Ya wuce wajen jami'in. "Samari, a bar mutane su ƙwanƙwasa."

"Baba, wannan ai ya wuce gora yanzu," in ji jami'in. "Abin kallo ne."

"Kallo? Amarya ce?"

Jami'in ya shiga bayani mai tsawo, har da sunayen birane. Kawu ya saurara har ƙarshe, don mutum ne mai ladabi. Sannan ya tsallake igiya, ya ɗora goran a ka, ya nufi kogi. Babban baƙo na tsakiyar jawabi a lokacin. Da ya ɗago kai daga takarda, bai ga kowa ba sai ni da kujeru, ni ma ƙafata ɗaya ta riga ta tafi.

Lokacin kaka ne, kogi a cike. Kawu ya tuɓe riga, ya kifa ciki a kan goran, ya haye. A can tsallake ya ɗaga goran ya juya bakinsa ƙasa yadda kowa zai gani. Ko ɗigo. Ya dawo, ya dire shi a kan yashi, ya ce, "Bismillah."

Masunta suka yi layi. Ƙwas, ƙwas, kowa ya kara kunne ya gyaɗa kai. Wani tsoho da ya fi kowa yaɗa maganar ya ƙwanƙwasa sau bakwai yana neman abin faɗa, daga ƙarshe ya ce shi dama bai ce komai ba.

Jami'in ya iso da takalmi cike da laka. "Baba, yanzu a mayar da shi rumfa?"

Kawu ya dube shi, ya dubi layin, wanda ya kai har gindin gada.

"Ka bi layi tukuna," ya ce.