Ƙaryar da Gwaggo Ta Yi Saboda Laburare

Gwaggona ta shekara ashirin da biyu tana kula da laburaren wata makarantar firamare. Laburare dai sunan ne ya yi masa yawa: ɗaki ɗaya ne, da kanta huɗu, da fankar da ke juyawa in ta ga dama. Gwaggo kuwa mace ce da ba ta iya ƙarya ba. In miyarka ta yi gishiri, a gaban surukanka za ta faɗa.

Ana saura mako guda a tafi dogon hutu, hedimasta ya leƙo ya ce tunda yara ba sa aron littafi, in an dawo zai mai da ɗakin sito, a jibge karyayyun kujeru. Ranar Gwaggo ko abinci ta kasa ci. Ban taɓa ganin ta tsorata haka ba, har ta ba ni tausayi.

Washegari ta tara 'yan aji biyar, ta ɗauko labarin wani direba da motarsa ta mutu a tsakiyar daji. Ta karanta musu har inda zaki ya leƙo ta taga, sai ta rufe littafin.

"Sai aka yi yaya, Gwaggo?" in ji yaran.

"Ba komai. Direba ya tafi gida ya kwanta."

"Haba Gwaggo! Zakin fa?"

"Shi ma ya kwanta. Wanda bai yarda ba, ga littafin nan."

Haka ta bi littattafai talatin ta yi musu. Ɓarawo ya kwanta, ɗan sanda ya kwanta, matuƙin jirgin da ke nutsewa ma ya kwanta. Yara suka kwashi littattafai suka tafi hutu a fusace, ita kuma ta dawo gida tana ta istigfari.

Ranar da aka koma, hedimasta ya iso da leburori biyu ɗauke da kujeru. Ƙofar ma ba ta shiguwa. Yara sun cika ɗakin, zaune a ƙasa, kowa da shafinsa a buɗe, ana ta yi wa Gwaggo ihu.

"Wallahi Gwaggo ba wanda ya kwanta!"

Hedimasta ya bi yaran da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ranka ya daɗe, ina za mu ajiye?" in ji lebura ɗaya.

"Ku kai wa kafinta ya gyara, ku dawo da su nan. Ba ku ga a ƙasa suke zaune ba?"

Gwaggo ta juya musu baya, ta hau goge kantar da babu littafi ko ɗaya a kanta. Ta daɗe tana gogewa.