Kawu Sallau a Bayan Zana

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kyamarar Kawu Sallau ya san abin da zai fara ji: "Dakata, haske bai iso ba." Rana tana tsakiyar ka, gumi na bin bayanka, shi kuwa yana kallon sama kamar mai neman jinjirin wata. Yayan mahaifiyata ne, kuma tun yana koyarwa a firamare a Safana kyamarar nan take rataye a wuyansa. Suna ko biki, ba a gayyatar ta, amma sai ta je.

Ranar da za a kawo ni Batsari gidan miji, ya tsayar da ni a ƙofar gida yana jiran haske har direba ya gaji, gwaggonnina suka tura ni mota. Hoton aurena da nake da shi yau, bayan mota ne da akuya ɗaya. Da na yi ƙorafi, cewa ya yi, "Ke dai ba ki duba da kyau ba. Akuyar ta fito."

Bayan ya yi ritaya, matarsa Inna Hure ta rasu, hanyar gonarsa kuma ta daina biyuwa saboda mutanen daji. Sai ya ce shi yanzu mai hoto ne. Ya kama shago kusa da kasuwar Batsari, ya sayi kyamarar zamani da injin wanke hoto. Ɗansa Lawal bai so ba. Ya ce in shagon bai iya ciyar da shi ba kafin kaka, zai zo da mota ya tafi da shi Katsina ya huta. Kawu ya ce, "Hutun nan naka kabari ne mai fanka." Ni ce mai kai masa abinci, don haka na san yadda yake tsoron motar nan. Ko hon ya ji a waje sai ya ajiye cokali.

Amma kun san shi, bai taimaki kansa ba. Sabuwar kyamarar sau ɗaya tak yake danna ta, kamar zamanin da.

Na ce, "Kawu, wannan fa ba ta cin fim."

Ya ce, "Ita ba ta san tsadar fim ba. Ni na sani."

Wani ango ya zo, ya ce, "Baba, in za ka wanke, a ɗan haskaka ni."

Kawu ya dube shi sama da ƙasa. "Yaro, wanda ya yi ka bai nemi shawarata ba."

Ango ya koma wajen samarin da ke ɗauka da waya, abokansa suka bi shi. Shago ya zama wurin barcin kyanwa. Kullum nakan dawo da kwanon tuwo rabi.

Cikin daminar nan mutanen Tsaskiya da Babban Duhu suka kwararo garin gudun mutanen daji, aka sauke su a makaranta. Masu rabon hatsi suka ce sai kowace mai gida ta kawo ƙaramin hoto, fuska a miƙe, ido a buɗe. Matan suka zo wajen Kawu don sun san shi. Sanin nan kuwa shi ne matsalar. Ba wadda za ta iya ɗaga ido ta kalli Malam. Hotunan farko gaba ɗaya aka dawo da su, kowace tana kallon ƙasa. Ba hoto, ba hatsi, ga yara.

Ya sake gwadawa. "Hajara, dubi nan."

"To, Malam." Ta ƙara sunkuyar da kai.

"Ni na ce ki dube ni."

"Allah shi kiyaye ni, Malam. Kai fa ka koyar da baban su Audu."

Washegari na tarar ya kafa zana a tsakiyar shago, ya huda ta daidai bakin kyamara, ya ajiye turmi a baya ya zauna. Ya ce aikina in tsaya jikin hujin ina jan su da hira. Na ce ina da girki. Ya ce, "Su ma girkin suke nema." Sai na je na tsaya jikin hujin.

Ta farko wata tsohuwa ce, Iya Abu. Ta zauna, ta kalle ni sosai, muna zancen tsadar daddawa. Sai zana ta yi tari. Iya Abu ta sauka daga kujera ta durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Malam?"

Daga bayan zana aka ce, "Ba ni nan."

Ta ce, "To, in ya dawo a gaishe shi."

Matan da ke layi suka fashe da dariya har da masu share hawaye. Tun saukarsu garin ban ji dariyarsu ba sai ranar.

Haka muka yi ta yi har aka gama da su. Na gaji, ba zan ɓoye ba, tuwona ya sha ƙonewa. Shi kuwa gwiwoyinsa suka kumbura, da yamma sai an kama shi yake tashi daga turmin. Amma an karɓi hotunan, matan sun auno hatsinsu. Daga nan labari ya bazu, magidanta suka riƙa kawo iyalansu wajen mai hoton zana.

Da kaka Lawal ya zo da motarsa, ya ratsa mutane ya tsaya gaban zanar. "Baba, na zo."

"Bi layi," in ji Kawu.

Motar ta koma Katsina ba shi a ciki. A Batsari ya ƙarasa kwanakinsa yana sana'arsa, a nan muka yi masa sutura bara.

Allah ya jiƙan Kawu Sallau, ya gafarta masa, ya rufa masa asiri yadda ya kiyaye kunyar bayinsa. Waɗanda ya ɗauka kuma, Allah ya mayar da su gidajensu lafiya. Amin.