Karawitar da Na Kai Haraj

A unguwar Hindawiyya, a ƙasar Hijaz, na tashi. Lokacin sanyi, da an sallame Magariba, Kaka takan hura gawayi a kasko, ta ɗora shayi, ta hau karawita, mu jikoki mu zube a gabanta. Karawita doguwar kujerar katako ce irin ta mutanen Hijaz. Tamu, kakanmu ne ya sassaƙa ta da hannunsa bayan sun iso daga Katsina. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinta, itace ne ya shiga cikin itace. Mazauninta kuwa igiyar kaba ce, Kaka ke sake saƙa shi duk shekara.

Takan buga gefenta sau biyu ta ce, "Ga ta can tafe, wa zai tare ta?" Mu ce, "Mu ne." Sai ta harare ni. "Ke Zainabu mai baki, a bar ni in kai ƙarshe yau."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wata mata da ta gaji kujerar tsuguno daga uwarta, baƙa wuluk don tsufa. Ran nan wani baƙo ya zo da kujera mai ƙyalli, matar ta yi musaya da shi. Da ta zauna, sabuwar ta kayar da ita, ta ce, "Ban san ki ba." Tsohuwar kuwa ta gudo daga hannun baƙon, tana bin gari ƙwas-ƙwas tana neman gida. Amma matar ta riga ta sauya ƙofa don ta dace da sabuwar kujera, sai tsohuwar ta wuce ba ta gane gidan ba.

Nakan ce, "Kaka, ai wawiya ce. Ta leƙo mana!" Kaka ta ce, "Ke dai Allah ya ba ki yawan rai."

Ya kuwa ba ni. Bayan rasuwarta karawita ta dawo hannuna. Da za mu koma bene a unguwar Rusaifa, ƙanwar mahaifiyata ta roƙe ni in tafi da ita. Na ce, "Khalas, a bar maganar, Inna. Ba zan shiga sabon gida da kayan takari ba, maƙwabta su raina ni." Haka na faɗa, ba zan gyara maganar don in yi kyau ba. Na sa aka kai ta haraj, kasuwar tsofaffin kaya. Na sayo kujerun kanti masu ruwan zinare. Shekara huɗu suka yi suka fara ɓarewa.

Sai da na haura arba'in na shiga makarantar manya na koyi karatu. Bara 'yata ta miƙo mini wayarta. Hotunan wasu gidajen Turawa ne, komai na ciki aikin hannu, katako tsirara babu fenti, mahaɗarsa a fili. Na karanta bayanin da kaina, a hankali, cewa da gangan ake barin mahaɗar don a ga hannun mai aikin. 'Yata ta ce, "Ummi, wannan ba irin ta Kaka ba ce?"

Na je haraj sau uku, ina tambayar mutanen da ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin da na sa aka kai ta. Daga baya na tafi wurin wani kafinta na ce ya yi mini irinta. Ya ɗauko fensir ya ce, "Tayyib, Hajiya, yaya aka haɗa ƙafafun?"

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar kan kwaɗayi take. Yanzu na ga matar ba ta taɓa kallon kujerar uwarta da kyau ba, shi ya sa ta iya bayarwa. Shekara talatin ina zama a kan karawitar nan, ban taɓa sunkuyawa na duba ƙarƙashinta ba. Kafintan ya jira, ya jira, sannan ya mayar da fensirinsa bayan kunne.