Gaisuwar da ban amsa wa Hajiya Asabe ba

Duk wanda ya zauna a benenmu na unguwar Parkchester, nan ƙasar waje, ya san bugun ƙofar Hajiya Asabe. Sau uku da kan sanda, sannan ka ji, "Selamat pagi." Wai ina kwana ke nan da yaren Indunusiya. Matar nan 'yar Damagaram ce fa, ko Turancin sayen burodi ba ta da shi.

A Makka ta samo abin. Ta ɓace wa 'yan ayarinsu a Mina, wata 'yar tsohuwa 'yar Indunusiya ta riƙe mata hannu kwana biyu, ta ciyar da ita, ta koya mata gaisuwarsu. Da ɗanta ya kawo ta nan, shi kullum yana filin jirgin sama na JFK da tasinsa yana jiran fasinja, jikoki kuma su ɗaga mata hannu su wuce, sai ta ɗora wa kanta aiki: sai ta samo ɗan Indunusiyar da zai amsa mata.

Rannan muna cikin jirgin ƙasa mai lamba shida ta hango wani bawan Allah. Ta matsa kusa da shi ta ce, "Apa kabar?" Wato yaya kake. Mutumin ya tashi ya canza kujera.

Na ce, "Hajiya, ɗan Sin ne."

Ta ce, "To ɗan Sin ba shi da baki ne?"

Shekara takwas tana wannan farauta, ba ta kama ko ɗaya ba. Dole ni na zama 'yar Indunusiyarta. Kuma ba ta da sauƙi, don safe da rana da yamma kowanne da tasa. Na taɓa shiga wurinta bayan azahar na ce pagi. Ta ce, "Mairo, rana ta take. Siang ake cewa. Fita ki sake bugawa." Da furfurata na fita na sake buga ƙofa.

Da na shiga ajin manya na iya rubutu, ita ta fara mora. Ta sa na rubuta mata gaisuwar duka a bayan kwalin shayi. Ta riƙe shi a kife, ta daɗe tana kallo, ta ce rubutuna bai da kyau.

Sallamarsu iri biyu ce. Mai tafiya ya ce selamat tinggal, wanda aka bari ya ce selamat jalan. Wannan ta fi so, wai mutanen sun san mai tafiya da mai zama ba abu ɗaya ke damunsu ba.

Ranar da na je duba ta a asibiti, na tashi zan tafi, sai ta riga ni. "Selamat tinggal, Mairo."

Na ce, "Ni ce mai tafiya, kin rikice."

"Ban rikice ba. Amsa mini."

Na ce ta daina shirme, jibi za a sallame ta. Na ɗauki jakata na fita. Washegari da hantsi ta cika.

Yanzu sai in wuni ƙofata ba ta motsa ba. Kwalin shayin yana wurina, kuma gaskiyarta, rubutun bai da kyau.

Allah ya jiƙanki Hajiya, ya haɗa ki da tsohuwarki ta Mina a Aljanna ku gaisa har ku gaji. Na makara, amma ga amsarki: selamat jalan.